Hoton Kawu Mailafiya a Bangon Mutane

Lahadi, 3 ga Safar, bayan la'asar

Rabona da rubuta irin wannan tun ina makaranta. Na ɗauko littafin ne daga wurin aiki, don in ban rubuta ba zan fasa wani abu a gidan nan.

Hajiya Rabi, maƙwabciyarmu ta bene na biyu, ita ta turo min bidiyon. Ina zaune a teburin karɓar marasa lafiya na asibitin haƙorin da nake aiki a Zahir, wata mata na tsaye a gabana riƙe da kumatu. A ƙasan bidiyon ta rubuta: "Khairiyya, wannan ba kawunki ba ne? Allah ya sa ba shi ba ne." Ta san shi ne. Shekara ashirin tana aikawa a sayo mata wainarsa.

Wani ne ya shiga wani gidan tarihi a Turai ya ɗauka da wayarsa, yana zagi da Hausa. Ɗaki fari ƙal, fitilu ta ko'ina, Turawa na yawo da hannu a baya. A bango ga hoto, ya fi ƙofar gidanmu tsayi. Kawu Mailafiya ne, ƙanin mahaifiyata, yana da ƙuruciyarsa, a saman wani soro shi da amininsa Ɗaso. Ba zan rubuta abin da suke sanye da shi ba. Na san hoton. A gwangwanin alewa Umma take ɓoye shi, ƙarƙashin takardun haihuwarmu, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa gwangwanin nan bayan rasuwarta.

Sun rubuta sunansa a ƙasa. Sun rubuta Makka.

Litinin, 4 ga Safar, kafin in fita aiki

Sau tara na kira Abdulilah. Ƙanina, wanda na goya a bayana. Ya tafi karatu Turai shekara takwas ke nan, karatun ya ƙare, shi bai dawo ba. Yana ganin kirana.

Litinin, bayan magariba

'Yata Raghad ta buɗe min shafin gidan tarihin, ita ke jin Turanci. Ta ce baje koli ne a kan tarihin maza irin su Kawu da mata irin nasu, tun daga Kano har Jidda, yadda suka rayu da gwagwarmayar da suka yi. Har da abin sawa a kunne, ka danna ka ji muryarsa yana ba da labari.

Gwagwarmaya! Gwagwarmayar Kawu da tukunyar gas yake yin ta, da hawa bene huɗu da buhun shinkafa, da gudun 'yan baladiyya, ma'aikatan hukumar gari, in sun zo kwashe masu tireda. Shekara arba'in da ɗaya da ya zo aikin Hajji bai koma ba. Mu 'yan ƙasa ne ta wajen Baba, shi ko iƙama, takardar izinin zama, ba shi da ita. Abin da ya rayar da shi a garin nan duk shekarun nan shi ne ba a ganinsa. Yanzu ga shi an kunna masa fitila.

Raghad ta tsaya a kan wata kalma da suka bari da Hausa. Hausarta ba ta kai can ba. Ta ce, "Mama, yaani mene ne ɗan daudu?"

Na ce ta rufe na'urar ta je ta ɗora shayi.

Laraba, 6 ga Safar, ƙarfe biyar na yamma

Na je Kudai, unguwar Kawu. Yana zaune a lungunsa bayan tashar bas, tanda a gabansa, ƙullu ya kusa cika roba. Da can war haka ya sayar ya wanke. Mutum biyu kawai na gani sun tsaya, su ma baƙi ne 'yan umara.

"Uwata ce da yamman nan?" Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa min. "Zauna, ga mai zafi. Kin rame, mijinki Turki ba ya ba ki abinci ne?"

Na zauna na ci waina uku. Ban tayar da maganar ba, bai tayar ba. Amma wayarsa na kife a kan kwali, kuma Kawu ba ya kife waya.

Da zan tafi Muttaka, mai kula da ginin da Kawu ke haya, ya biyo ni bakin mota. Ya ce shi ba shi da matsala da kowa, wallahi, amma mai gini ya ga abin, kuma akwai iyalai a ginin. Iyalai. Kawu ne ya dafa abincin sunan 'ya'yan Muttaka duka huɗu. Na tuna masa. Ya kalli takalminsa ya ce Kawu ya tashi zuwa Asabar.

Alhamis, 7 ga Safar, lokacin hutun azahar

Abdulilah ya ɗauka.

Na fita bayan asibitin inda ake ajiye shara don kada a ji ni. Na ce, "Kai ɓarawo ne. Ka zo gaisuwar uwarka ka saci hoto."

Ya ce, "Yaya, saurare ni. Wannan tarihinmu ne. Mutane suna tsayawa a gaban hoton suna kuka."

Na ce, "Su wa? Su zo su yi kukan a Kudai, ranar Asabar za a watso kayansa waje."

Sai ya ce bai san wani zai ɗauki bidiyo ba. Mutum mai digiri biyu bai san kowa na da waya a aljihu ba! Ya ce shekara nawa za mu yi muna ɓoye Kawu kamar abin kunya, muna cin abincinsa ta ƙofar baya. Na ce kai da kake can kana da bakin magana, mu da muke nan mu za mu kwashe. Ya ce, "Kin taɓa tambayar kanki me ya sa nake nan?"

Na kashe.

Juma'a, 8 ga Safar

Ban tambayi kaina komai ba. Na wanke labule.

Asabar, 9 ga Safar, bayan la'asar

Mun kwaso Kawu. Akwati ɗaya, tanda biyu, katifa, rediyo, da jakar da likkafaninsa ke ciki, wanda ya wanke da zamzam tun ina amarya. Kayan shekara arba'in ba su cika bayan motata ba. Matan ginin suna leƙe ta taga. Ba wadda ta sauko. Kawu ya ɗaga musu hannu ya ce, "A yafe mu, 'yan uwa." Na ja shi na tura a mota. Wa zai yafe wa wa?

Turki ya karɓe shi da kyau, ya sumbaci kansa, ya ba shi ɗakin baƙi. Bayan haka ya same ni a kicin ya rufe ƙofa. Ya ce, "Ummu Raghad, kin san hukuncin ajiye wanda ba shi da takarda. Kin san inda nake aiki." Na ce na sani. Ya ce sati ɗaya. Na ce Abu Raghad, mutumin nan ne ya yi jinyar uwata wata bakwai lokacin da 'yan uwanta na Kano ko waya ba sa yi. Ya ce shi ma ya sani, shi ya sa ya ce sati ɗaya bai ce kwana ɗaya ba.

Ba zan iya jin haushinsa yadda nake so ba, wannan ma haushi yake ba ni.

Litinin, 11 ga Safar, da safe

Hajiya Rabi ta gan ni a lif ta ce, "Ana ta haƙuri." Kamar an yi mana mutuwa. Ita ta tura bidiyon rukunin matan unguwa, Raghad ta nuna min.

Talata, 12 ga Safar, bayan magariba

Na sa Raghad ta rubuta wa mutanen gidan tarihin. Na faɗa da Hausa da Larabci, tana juyawa. Na ce su cire hoton, su cire muryar, su cire sunan garin, akwai rai a ciki. Ta ce wasu kalmomina ba sa shiga wasiƙa. Na ce ta sa su haka.

Kawu ya ƙwace min kicin. Yau miyar kuka ya yi da man shanu, gidan duk ya ɗauka. Turki ya ci kwano biyu bai ɗago kai ba.

Alhamis, 14 ga Safar, ƙarfe huɗu

Sun amsa. Sun gode da na tuntuɓe su. Sun fahimci damuwata ƙwarai. Suna ɗaukar lafiyar mutanen da suka ba su labarinsu da matuƙar muhimmanci. Kwamiti zai zauna ranar ashirin da wani abu ga watansu.

Kwamiti. Su zauna a kujeru masu laushi da kofin gahawa su duba ko tsoho mai shekara saba'in da uku ya cancanci a bar shi ya mutu a inda yake so. Sun kuma ce suna da takardar amincewa da sa hannunsa. Ƙarya suke. Kawu ba ya sa hannu, dangwale yake yi.

Juma'a, 15 ga Safar, bayan an sauko

Turki ya tafi masallaci da Kawu. Sun dawo da wuri. Aljihun gaban rigar Turki a yage, leɓensa a kumbure. Na tambaya, ya ce ƙofar mota ce. Kawu ya shige ɗaki bai ci abinci ba.

Shekara ashirin da biyu da aurenmu ban taɓa jin Turki ya ɗaga wa wani murya a waje ba.

Satin ya cika gobe. Turki bai tayar da maganar ba.

Lahadi, 17 ga Safar, ƙarfe shida na yamma



Na dawo daga aiki na tarar da Kawu yana tsince shinkafa a faranti. Na ce masa mutanen nan har ƙarya suke yi masa, wai ya amince. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba ƙarya suka yi ba, Uwata. Yaron ya tambaye ni. Na ce ya ɗauka. Ni na dangwala masa."

Na zauna a ƙasa.

Na ce, "Kawu, kana cikin hankalinka? Sati biyu ina zagin ƙanina, ina zagin Turawa, mijina ya yi dambe a ƙofar masallaci, kai kana kallona?"

Ya ce shi ya zaci ɗaki ne mai ƙofa, mutum goma su shiga su fita, a ƙasar da ba wanda ya san shi. Ya ce wannan kuskurensa ne, ba na yaron ba. Na ce to don me, ko da mutum ɗaya ne zai gani, don me?

Ya ture farantin. Ya ce, "Ɗaso ya mutu a asibiti da sunan wani, da katin wani muka kai shi. An binne shi da sunan wani. Mutumin da ya ciyar da rabin takarin garin nan, ya biya wa mata nawa kuɗin jirgi, ya yi wa gawa nawa sutura. Yau in na mutu ba wanda zai san an yi shi. Yaron ya ce za a rubuta sunansa a bango. Na ce to."

Na ce sunan nasa da zane a ƙirji za a tuna shi?

Ya kalle ni kallon da bai taɓa yi min ba. Ya ce, "Da shi ya ciyar da su. Ke ma da shi na goye ki, ba ki ce ya yi miki ƙaiƙayi ba. Tsakanina da Ubangijina kuma, ni na san abin da nake gaya masa in na yi sujada. Ba ke za ki tsaya min ba."

Sai ya jawo farantin ya ci gaba da tsinta. Can ya ce, a hankali, "Kuma yaron nan shi kaɗai ne a can, Uwata. Tun yana ɗan shekara tara na san shi kaɗai ne. Ya zo yana neman wani nasa a bayansa. In ce masa babu?"

Na tashi na shiga banɗaki na saki ruwa.

Litinin, 18 ga Safar

Ba na magana da kowa a gidan nan.

Laraba, 20 ga Safar, hutun azahar

Muttaka ya kira. Ya ce wasu mutum biyu sun zo ginin jiya suna tambayar tsohon mai waina, ina ya koma, wa ya kwashe shi. Ba kaki a jikinsu. Na ce su waye? Ya ce bai tambaya ba. Na ce me ka gaya musu? Ya ce, "Wallahi ban faɗi Rusaifa ba." Ban tambaye shi ko ya faɗi Rusaifa ba, shi ya kawo sunan unguwarmu da bakinsa.

Na ba wani mutum lokacin ganin likita sau biyu a rana ɗaya. Likita ta ce in tafi gida.

Alhamis, 21 ga Safar, bayan la'asar

Raghad ba ta je jami'a ba yau ma. Ta ce ciwon kai. Kwana uku ke nan. Na ga ta cire hotonta daga wayarta ta sa fure.

Na tarar da ita a kicin Kawu na koya mata juya waina da tsinke, tana dariya, Hausarta na karyewa yana gyara mata. Na tsaya a ƙofa. Na so in yi musu tsawa, ban san a kan me ba.

Asabar, 23 ga Safar, da hantsi

Kawu ya tara mu a falo, ya sa farar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya ce ya yanke shawara zai kai kansa, a mayar da shi gida. Gida! Wanda ya sani a Kano duk suna ƙasa.

Turki ya ce, "Kawu, ba wanda ya kore ka. Na janye maganar sati." Kawu ya ce ya sani, Allah ya yi masa albarka, amma ba zai zauna ya jira a ƙwanƙwasa ƙofar nan a gaban yarinya ba. Gara ya je da ƙafarsa a matsayin tsohon da ya wuce lokacinsa, kafin a zo a ɗauke shi a matsayin wani abu daban.

Na ce, "Likkafanin fa? Shekara nawa kana cewa a Harami za a sallace ka?"

Ya ce, "Ƙasar Kano ma tana karɓar mutum."

Na yi ihu. Na faɗi maganganu a kan Abdulilah, da Rabi, da Muttaka, da shi kansa. Ya bari na gama. Sai ya ce abu ɗaya yake roƙo: in daina rubuta wa mutanen nan. "Abin da za a yi min an riga an yi. A bar Ɗaso a bangonsa."

Ban gaya masa wasiƙa huɗu na aika ba.

Litinin, 25 ga Safar, bayan azahar

Na kai shi.

Mun fara zuwa Harami bayan asuba ya yi ɗawafin bankwana. Ya ƙi keken da ake tura tsofaffi. Zagaye bakwai da ƙafarsa, yana riƙe da kafaɗar Turki, ni ina bayansu. Bai yi kuka ba. Da muka fito ya tsaya ya juya ya daɗe yana kallo, har wani mai gadi ya ce mu matsa.

A ƙofar ofishin da ake kai marasa takarda ya hana mu shiga. Ya ba ni rediyonsa, ya ba Raghad tanda ɗaya a gida tun da safe. Jakar likkafanin ya rataya a kafaɗa. Ya ce, "Ki kira ƙaninki." Na ce ba zan kira ba. Ya ce, "To ki ɗauka in ya kira." Ya shiga yana ɗingisa ƙafar hagu.

Na zauna a mota. Wani ya yi ta danna min hon a baya, na buɗe gilashi na zage shi da Hausa. Bai ji ba, amma ya gane.

Laraba, 27 ga Safar

Ba labari. Turki ya san wani da ya san wani, ya ce Kawu yana lafiya, ana jiran takardar tafiya daga ofishin jakadanci.

Lahadi, 2 ga Rabi'ul Awwal, bayan magariba

Hajiya Rabi ta aiko da tuwo. Na mayar mata da kwanonta yadda ya zo.

Talata, 4 ga Rabi'ul Awwal, ƙarfe uku

Kwamiti ya zauna. Suna farin cikin sanar da ni cewa, saboda bayanan da na ba su, sun sauke hoton, sun cire muryar, sun goge sunayen biyu daga bango da shafinsu. Suna fatan wannan zai kawo wa iyalina kwanciyar hankali.

Kwana takwas da shigarsa.

Abdulilah ya kira. Na ɗauka. Kuka yake yi kamar ranar da aka kai shi makaranta. Ya ce ya je ya gani, bangon fari, sai ramukan ƙusa huɗu. Na ce, "Ni na sa." Ya ce ya sani. Na jira ya zage ni, bai zage ni ba. Na ce ka ci abinci? Ya ce a'a. Na ce tashi ka ci, sakarai. Na ji wata murya a kusa da shi, ta namiji, tana tambayarsa wani abu a hankali. Ban tambaya ba. Ban kuma kashe ba.

Lahadi, 16 ga Rabi'ul Awwal, bayan la'asar

Kawu ya sauka Kano shekaranjiya. Yau ya kira da wayar wani jikan ƙanwar kakarmu, wanda ya ba shi ɗaki a Kurna. Muryarsa ta dushe, tari yake yi. Ya ce gidan da aka haife shi ya zama shagon sayar da taya. Ya ce wainar garin ba ta da yisti, an cuce su. Ya tambayi Raghad, ya tambayi leɓen Turki.

Sai ya ce, "Uwata, Ɗaso yana nan a bangon?"

Na ce, "Yana nan, Kawu."

Ya ce, "Alhamdulillahi. To ba a yi asara duka ba."

Da muka gama na zauna da wayar a cinya har aka kira magariba. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yau, kuma su suka sa ni, su da kwamitinsu, da ni.

Na kira Raghad na ce ta ɗauko na'urarta. Ta ce, "Mama, me kuma za mu ce musu?" Na ce za mu ce su mayar da hoton bango. Ta ce za su ɗauka mahaukata ne mu. Na ce su ɗauka. Rubuta.